Wa Ya Tsegunta Musu Cewa Hazo Na Tafe?

Jama'ar "sai na gani da idona". Ku gyara zama, yau da ku nake. Na san ku sarai, na kuma san murmushin nan na gefen baki da kuke yi duk ranar da rediyo ya ce masu hasashen yanayi sun hango ƙura ta tashi a Cadi, a saurari saukarta gobe ko jibi. Wannan ya taɓe baki ya ce, "Mutanen da suka kasa faɗa mana ranar da za a kawo wuta." Wancan ya ce ai kakarsa ma tana faɗin zuwan hunturu, kuma ita kaushin ƙafarta kawai take dubawa. Shi kuwa abokin wasana Bazazzagi, Allah ya shirye shi, har gobe a wurinsa tauraron ɗan'adam shi ne farantin nan da ke kan rufin gidan kallon ƙwallo. Ranar da na ce masa akwai masu cin abinci da gadin ƙura da hayaƙi, tambayata ya yi nawa ake biya a wata, kuma ko da sauran gurbi.

To bari in gabatar muku da taurarin. Ni magulmata nake kiransu, domin ba su da sana'a sai leƙen gidajen mutane da kai rahoto. Iri biyu ne. Akwai mazauna dakali, waɗanda aka kai can ƙololuwa, kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa, saitin layin da ya raba duniya biyu. A wannan tsayi saurin zagayensu ya zo ɗaya da juyawar duniya, don haka kullum suna kan unguwa guda kamar dattijon da ya yi ritaya. Na wannan shiyya tamu sunansa Meteosat. Na ƙasashen Turai ne, daga garin Darmstadt na Jamus ake sarrafa shi, amma dakalinsa yana saman tekun da ke kudu da Gana, ya zuba wa Afirka ido ba ƙiftawa. Tsohon samfurinsa duk minti 15 yake ɗaukar hoton fuskar duniya sukutum, sabon da aka harba a Disamban 2022 ya rage zuwa minti 10. Amurkawa ma na da nasu masu suna GOES, ɗaya a gabas ɗaya a yamma.

Sai dillalai masu shiga gida-gida: Terra da aka harba a 1999, Aqua a 2002, Suomi NPP a 2011, da ƙannensu. Waɗannan ƙasa-ƙasa suke yawo, kilomita 700 zuwa 800 da 'yan kai, suna bi ta ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, su gama zagaye ɗaya cikin minti 100 ko kusa da haka. Dillaliya ba ta daɗewa a gida, amma kafin ta fita ta ƙirga kwanukan cikin kabad. Mazaunin dakali bai san abin da ke uwar ɗaka ba, sai dai babu mai shiga ko fita bai gani ba.

Na ji ka, Alhaji. Ka ce yaranka sun nuna maka hoton a waya, ka ga ƙurar ruwan hoda kamar atamfar ankon biki, alhali tun da ka zo duniya ba ka taɓa ganin ƙura mai wannan launi ba, saboda haka haɗi ne. Gaskiyarka, ranka ya daɗe, haɗi ne. Amma tsaya ka ji yadda ake haɗa shi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya kamawa, irin wanda kake ji a fuska in ka matsa jikin katangar da ta wuni a rana bayan magariba. Na'urar Meteosat tana auna wannan haske ta ƙofofi daban-daban, uku daga ciki su ne abokan aikin mai neman ƙura: ta maikiromita 8.7, ta 10.8 da ta 12. Ɗumin ƙasa in zai hau sama dole ya ratsa duk abin da ya tarar a hanya. Ƙura ta fi tare wanda zai shiga ƙofar 10.8 fiye da na ƙofar 12, siririn gajimaren ƙanƙara da ke can sama kuwa akasin haka yake yi. Sai a debe wannan daga wancan, a ce wa kwamfuta ta shafa ja gwargwadon inda lissafin ya karkata, sauran awon a ba su kore da shuɗi. In an gauraya, ƙura ta fito ruwan hoda, gajimare mai kauri ya yi ja mai duhu, siririn ya yi baƙi. Mutum ne ya zaɓi launin, kamar yadda Hajiya ke ɗaura wa akuyarta jan tsumma a wuya kada ta saje da na maƙwabta. Ka taɓa jin an ce tun da tsumman na kanti ne, to akuyar ma ƙarya ce? Kuma da yake ɗumi ake aunawa, ba a jiran rana, ko tsakar dare ƙura ta yi satar fita an gan ta.

Daga ina take fitowa? Nan ne nake so Barebari su matso kusa, Fulani kuma su riƙe dariyarsu tukuna. A arewacin Cadi, kudu maso yamma da garin Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Masana sun daɗe da naɗa masa sarautar ƙura, domin babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ita. Kimanin kwana 100 a shekara yana turnuƙewa, galibi a cikin sanyi. Abu biyu ne suka haɗa baki. Na farko iska. Takan taso daga arewa maso gabas, ta tarar da duwatsun Tibesti a hannu ɗaya, na Ennedi a ɗaya hannun, sai ta matse ta kutsa ta tsakaninsu kamar jama'ar da aka buɗe wa ƙofa ɗaya a gidan rabon zakka. Da dare sama-sama take gudunta, ba ta taɓa ƙasa sosai. Da hantsi, rana ta gasa ƙasa, iskar sama da ta ƙasa suka cakuɗe, sai ta sauko da dukan ƙarfinta ta share kwarin.

Na biyu shi ne abin da take tararwa a kwance. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin nan gindin tafki ne, kakan Tafkin Cadi na yau, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Da ruwan ya janye sai ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ba a ganinsu sai da madubin likita, fari fat kamar alli, ba nauyi ko kaɗan, gauraye da ɓurɓushin ƙashin kifi. Ba duk ƙurar hunturu ce daga can take ba, hamada na da wasu tukwanen, amma kaso mai tsoka na farin nan da ke kwanta maka a gira, ya mai da saurayi dattijo kafin ya isa kasuwa a kan babur, tsarabar Bodele ne. Ka ga ke nan, kai da ke ƙorafin bandar Baga ta yi tsada, duk shekara ana kawo maka kifin tafkin har cikin hanci, kyauta, sai dai ya ɗan kwana biyu.

Daga Bodele zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, tafiyar kwana ɗaya zuwa biyu a ƙafar iska. Asirin duka ke nan. In hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ce ƙura ta tashi a wajen Faya, jihohin arewa su shirya, tashin nata aka gani, aka duba inda iska ta dosa, aka lissafa zango.

Allah gafarta Malam, na ga ka gyara rawani, za ka ce sanin gobe sai Allah. Haka yake, babu ja. Amma yaron da ya hau Dala a zamanin da, ya hango ayarin raƙuman gishiri tafe daga arewa, ya sauko da gudu yana cewa a share zango baƙi na hanya, shin duba ya yi? Ayarin ya riga ya taso, shi dai ya fi mu tudun tsayawa. In Allah ya so sai iska ta juya, ƙurar ta yi wajen Yamai ta bar mu, mai hasashe ya sha kunya. Yakan sha kuwa, har da ƙari.

Mu koma ga wuta da ɗanta hayaƙi. Uwar ce mai sauƙin kamu. Akwai wata ƙofa ta kusan maikiromita 4 da ke zabura da zarar ta ji zafi mai tsanani, ko da ɗan yanki ne wutar ta ci a cikin fili mai faɗin kilomita guda sai ɗigon wurin ya haska. Na'urar MODIS da ke kan Terra da Aqua takan kama wutar da ta kai murabba'in mita 1,000 ba wahala, in sama ta yi garau har wadda ba ta kai haka ba. VIIRS ta kan Suomi NPP ta fi ta kaifin ido, ɗigonta mita 375 ne. Hukumar NASA na zuba waɗannan ɗigogi a wata taswira mai suna FIRMS cikin awa kamar uku da wucewar tauraro, kuma kowa na iya buɗewa ba ko sisi. Mai tsire, kwantar da hankalinka, tukubarka ba ta kai a kai ƙararta sama ba. Amma ku 'yan farautar da ke cinna wa daji guda wuta saboda gafiya ɗaya, ku kam an daɗe ana ɗaukar hotonku. Buɗe taswirar nan a Disamba ko Janairu ka ga jar ɗamara ta ɗaure ƙugun Afirka, tun daga Gini, ta arewacin Gana da tsakiyar Nijeriya, har kudancin Cadi, Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu. Kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a nahiyar nan yake. Mafi yawa dai busasshiyar ciyawa ce, makiyayi na neman sabon toho, manomi na sharar gona, damina ta zo ta mai da kore. Duk da haka, a wannan fage kam mu ne na ɗaya, ko kofi ba a ba mu ba.

Ɗan kuwa munafuki ne. Ƙwayoyin hayaƙi ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su kai maikiromita ɗaya ba, don haka ɗumin ƙasa ratsa su yake yi kamar ruwa a rariya, dabarar da ta kama ƙura ba ta kama shi. Sai an jira rana ta fito a neme shi da hasken ido, inda yake bayyana toka-toka da ɗan shuɗi, ita kuwa ƙura ta yi ƙasa-ƙasa. Ya fi fitowa da sassafe ko da yamma liƙis, lokacin da rana ta karkace, kamar yadda hasken da ya ratso ta tagar madafa ke tona asirin hayaƙin murhu.

Ga kuma abin da zai ba masu cewa komai na'ura ce haushi. A Amurka, a wani ofishin hukumar yanayi ta NOAA da ke jihar Merilan kusa da Washinton, mutane ne kamar ni da kai ke zama gaban kwamfuta, su jera hotunan GOES su kalle su kamar fim, su zana iyakar hayaƙi da hannu, su kasa shi uku: mara kauri, matsakaici da mai kauri. Su bi ɗigogin wutar da na'ura ta tsinto su goge na ƙarya, sannan su rubuta bayani da kalmomi cewa hayaƙi kaza ya taso daga wuri kaza ya nufi kaza, ƙura ta tashi a kan iyakar kaza. An haura shekara 20 ana wannan aiki. Bazazzagi, ga gurbin da kake tambaya, sai dai ana neman wanda zai wuni yana kallo bai yi gyangyaɗi ba, ka ga an yi ba kai.

Ranar Laraba 7 ga Yunin 2023 ce ta nuna wa Amurkawa abin da mutanen nan ke zanawa. Tsawa ta kunna dazukan lardin Kubek na Kanada a farkon watan, iska ta kwaso hayaƙin ta juye a kan birnin Niyok. Da rana tsaka sama ta koma ruwan goro, aka dakatar da wasu jirage, aka ɗage wasanni, mutane suka zaro takunkuman da suka ajiye tun zamanin korona. Kimanin hekta miliyan 15 ce ta ƙone a Kanada a shekarar, kuma kafin watan ya ƙare hayaƙin ya ƙetare teku ya leƙa Fotugal da Sifen. Na san ɗan Nguru da ya ga hotunan cewa zai yi, "Wannan ne abin kukan? Mu da ke kunna fitilar mota da azahar!" Ban hana ka dariya ba, ɗan'uwa, amma ka sani ƙwayar hayaƙi saboda ƙanƙantarta ta fi ta ƙura yin nisa in ta shiga huhu. A Janairun 2020 ma hayaƙin gobarar Ostireliya ya haye can saman gajimare, ya bi ta Niyuzilan da Kudancin Amurka, ya zagaye duniya ya dawo gida, taurari na bin sawunsa. A Yunin shekarar kuma Sahara ta rama, ta aika wata ƙura da ta rufe tsibiran Karebiyan, har 'yan jarida suka laƙaba mata sunan dodon fim, Godzilla.

Yanzu bari in ba ku haƙƙinku, kada ku ce Bakano ya ci kasuwa shi kaɗai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, magulmatan nan kuma ba su taɓa shiga birnin ba. In gajimare ya rufe, sun makance. Wutar da aka kunna ta cinye kafin dillaliya ta dawo, ko wadda ke ci a ƙarƙashin manyan itatuwa, sau da yawa tana sha. Suna kuma ƙage. Bututun da ke ƙona iskar gas a yankin Neja Delta, a idon na'ura gobara ce da ba ta mutuwa, sai an sa mata alama cewa wannan ɗan gida ne. Wani lokaci rufin kwano mai ƙyalli ya maido da hasken rana, na'ura ta rantse daji ya kama. Babbar matsalar ita ce mai kallo daga sama jimla yake gani, bai san a wane hawa kayan suke ba. Zai iya cewa hayaƙi ya lulluɓe gari, alhali yana can kilomita biyar a sama, na ƙasa na shan iskarsa lafiya lau.

Saboda wannan ne Amurka da Faransa suka harba CALIPSO a 2006, tauraron da ke harbo haske ƙasa ya jira dawowarsa, kamar masunci na auna zurfin kogi da gora. Ya yi aiki har 2023. A farkon 2006 ɗin kuma wani jirgin bincike na Ingila ya yi sansani a Yamai yana kutsawa cikin hazon da kansa, aka tarar abin gidan bene ne: ƙurar hamada a hawan ƙasa, hayaƙin ƙonar dajin kudu a hawan sama. Da awon CALIPSO ne aka fitar da lissafi a 2015 cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara duk shekara, tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da tan 22,000 na fosfaras, sinadarin nan da ke cikin takin zamani. Mu muna layin taki, iska na kai wa Barazil har gona ba kuɗin mota. To amma daga wace tukunya? Wani bincike na 2006 ya ce fiye da rabi daga Bodele yake. Wani na 2020 ya ce a'a, ta Bodele takan zube a hanya, yankin El Juf da ke tsakanin Muritaniya da Mali ne ya fi aikawa. Masu digiri ne duka, hotunan sama ɗaya suke kallo, suna musu kamar 'yan majalisar mai shayi. Wannan kam ku ci, na bar muku.

Kuma su kansu ba su yarda da magulmatan ido rufe ba. A Ilori, da ƙauyen Banizumbu gabas da Yamai, akwai na'urorin da aka kafa a ƙasa shekara da shekaru, suna bin rana daga fitowa zuwa faɗuwa suna auna hasken da hazo ya cinye, da su ake gwada gaskiyar na sama. A filayen jiragen sama ma akwai ma'aikacin da ke fita ya dubi hasumiya ko bishiyar da ya san nisanta, in ya daina ganinta ya rubuta mita nawa ido ke kaiwa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kakarka mai kaushi, ashe 'yar ƙungiya ce, katin shaida ne kawai ba a ba ta ba. Bambancinta da Meteosat shi ne ita sai baƙon ya yi sallama take sanin ya zo.

Kwana ɗaya ko biyun nan fa ba abin rainawa ba ne. Wanda ya taɓa kwana a benci a filin jirgi saboda hazo ya hana sauka ya san darajarsu, haka uwar yaro mai asma da ke buƙatar ta tanadi magani ta rufe taga kafin dare. A nan zan ɗan ajiye wasa. Sanƙarau yakan tashi ne a watannin rani masu ƙura, a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma masana na ganin busasshiyar iska da ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanya. A 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Shi ya sa cibiyar yanayi ta ACMAD da ke Yamai ke haɗa bayanan ƙura da na iska tana fitar da gargaɗin sanƙarau, wata cibiya a Barselona ta Sifen kuma kullum tana fitar da hasashen ƙurar arewacin Afirka. Ko maƙwabcin da ba ku shiri ne ya leƙo ta katanga ya ce ga wuta nan tafe, ai ka ɗauki bokiti tukuna, faɗan ya biyo baya.

Bazazzagi ya sake ɗaga hannu, wai tun da sun iya gani haka, a duba masa tunkiyarsa da ta ɓata tun kafin Sallah. Ɗigo ɗaya a hoton tsohon Meteosat kilomita uku ne, ɗan'uwa, ko kai da tunkiyar da duk zuriyarku kuka tsaya a ciki ba za a san an yi ku ba. Ka tambayi mai tsiren unguwarku.

Kai kuma Alhaji, ga shawara. Malam, ba caca ba ce, kada ka harare ni, alkawari ne. In Allah ya kai mu sanyin bana, ranar da na ga ruwan hodar nan ta kumbura a kudu da Faya ta doshi yamma, zan aiko yaro da hantsi. Ka sa a fito da farar babbar rigarka ta zuwa Juma'a, wadda aka buga ta sha sitaci, a shanya ta a igiyar tsakar gida a bar ta kwana biyu. In ta sauko fara, shayi da burodi da ƙwai uku na wuyana. In kuwa ta sauko da launin Bodele, kuɗin wanki da guga naka ne, kuma ni zan zaɓi mai wankin.